Korayen Wayoyi Arba'in da Huɗu

Asibiti bai sallami tsohon ba ranar Alhamis. Da aka gama masa wankin ƙoda wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, ba a turo kekensa bakin ƙofa kamar kullum ba. Hawa na uku aka haura da shi, aka ba shi gado, aka sa masa robar iska a hanci. Likita ya rubuta cewa sanyi ya kama masa huhun dama. 'Yarsa, wadda kowa ke kira Auta, ta sa hannu a takardu biyu, ta naɗe bargunan da ta lulluɓo shi da su, ta zauna a benci da su a kan cinya.

Motar da ta kawo shi tana ƙasa a wurin ajiye motoci. Tsohuwar farar bas ce mai shekara ashirin da shida, an cire kujerun bayanta, an shimfiɗa farantin ƙarfe inda ake ɗaure keken marar lafiya, da 'yar gada mai naɗewa ta hawa da sauka. Injinta lafiya lau, birki ma haka. Fankar hita ce, mai hura iska mai ɗumi, ta daina juyawa kwana tara da suka wuce, kuma har ranar ba a kai ga gyara ta ba.

Tsohon mai gyaran wutar mota ne. Shekara arba'in ya yi yana sana'ar kafin ɓarin jikinsa na dama ya shanye bara, magana ta tafi tare da shi. Ƙodarsa kuwa ta riga ta gaza tun kafin nan. Talata da Alhamis da Asabar Auta ke kai shi wanki, tafiyar minti hamsin, suna barin gida da ƙarfe shida da rabi na safe, ta dawo da shi sannan ta wuce kantin maganin da take aikin rana. Babu wata motar da kekensa ke shiga a unguwarsu. Motar asibiti mai ɗaukar irinsa tana da jerin masu jira, shi ne na goma sha tara.

Tun farko yayan Auta, wanda ke aiki a wani gari mai nisa, ya so a sa mahaifinsu a gidan jinya da ke jikin asibitin. Auta ta ƙi. Asibiti ya yarda tsohon ya zauna a ɗakinsa bisa sharaɗi ɗaya: a riƙa kawo shi a kan lokaci, kuma cikin ƙoshin lafiyar da za ta ɗauki wanki. Sanyin bara ƙirjinsa ya taɓa kamuwa sau ɗaya. Babbar nas ta sashen, wadda suke kira Sista, ta faɗa wa Auta a lokacin cewa na biyu ba za a bar shi ya wuce haka ba.

Ranar Talatar da abin ya fara, ana yayyafi mai sanyi. Auta ta ɗaure keken, ta zauna, ta murɗa makunnin fanka zuwa biyu, sannan ta murɗa makulli. Haka Baba ya koya mata tun ranar da ta fara tuƙi: fanka a biyu, sannan makulli. Ba ta taɓa tambayar dalili ba. Injin ya tashi. Fanka ba ta ce uffan ba.

Kafin su kai babban titi gilashin gaba ya yi gumi da numfashin mutum biyu. Ta goge da tsumma, ya dawo. Ta sake gogewa, ya sake dawowa. A wata mahaɗa ta kusa hawa kan mai keke, don haka ta sauke tagarta. Gilashin ya washe. Iskar kuma ta wuce ta kafaɗarta kai tsaye zuwa baya, inda tsohon ke zaune ba ya iya jan bargo da kansa.

Sista ta taɓa hannunsa a bakin ɗakin wanki, ta ɗaga kai.

"Auta, daga firij kika ciro mana shi?"

"Hita ce ta ɗan samu matsala, Sista. Yau za a gyara."

"A gyara ɗin."

Da rana ta kai motar wurin Dogo. Shekarunsa hamsin da uku, gemunsa ya fara furfura, amma a hannun tsohon ya koyi aiki tun yana ɗan sha huɗu, kuma har yanzu in zai ambace shi "Oga" yake cewa. Shi ya yi wa motar farantin ƙarfen da 'yar gadar a bara. Garejinsa rumfar kwano ce, buɗe ta gefe biyu.

"Fanka?" in ji shi. "Auta, wannan ai ba aiki ba ne. Je ki kantinku, ki dawo da yamma."

"Kawu, jibi da safe zan fita da Baba."

"Na ce ki je. Ko kin taɓa ganin fanka ta gagari yaron Oga?"

Ya fara da fis. Lafiyarsa ƙalau, amma ya canza shi duk da haka. Ya ciro resista, ɗan abin da ke raba wa fanka gudu ɗaya, biyu, uku. Da ita ce ta ƙone, da gudu na ƙarshe zai ci gaba da aiki, a nan kuwa babu ko ɗaya. Ya sa wata. Shiru. Ya ɗora ƙwan gwaji a bayan makunni: wuta na shiga, wuta na fita. Sai ya kwance fankar kanta daga ƙarƙashin gaban mota, ya kai ta kan tebur, ya jona mata batir. Ta juya da ƙarfin da ya kaɗe masa hula.

Fis lafiya, makunni lafiya, fanka lafiya. A wani wuri tsakanin makunni da fanka wutar ke ɓacewa. Washegari Laraba ya kwance dashbod, allon gaban direba, gaba ɗaya don ya bi wayar. Da Auta ta zo, ta same shi zaune a kan wata tsohuwar taya yana kallon cikin motar.

"An gama?"

"Zo ki ga aikin ubanki."

Ta leƙa. Wayoyi ne a cunkushe, sun shiga juna, sun fita, wasu sun nufi ƙasa, wasu rufi. Dukkansu koraye ne.

"Zanen kamfani ya ce wayar fanka ja ce mai ratsin fari," in ji Dogo. "Nemo min ja a nan, in ba ki garejin."

Ya ba ta labarin. Shekara ashirin da suka wuce wata masana'anta za ta rufe, Oga ya sayo wani ƙaton naɗin koriyar waya, sai mutum biyu suka iya sauke shi. Daga ranar bai sake sayen wani launi ba. Duk abin da ya lalace a motarsa, sai ya yanke wayar kamfani ya sa tasa, ta hanyar da ya ga dama. Bai taɓa rubuta komai ba.

"Na taɓa ce masa, Oga, a riƙa rubutawa mana. Ya ce in ya rubuta, ɓarawo ma ai ya yi makaranta. Sai ya yi haka." Dogo ya ƙwanƙwasa gefen kansa da yatsa. "Ya ce littafin yana nan."

Ya ƙirga su. Arba'in da huɗu.

Aikin ya koma na gutsure-gutsure, domin motar ba ta da ranar zama. Dogo ya kwance a ranar da babu wanki, ya mayar kafin yamma, Auta ta ɗauka. Alhamis ta fita da barguna uku da gorar ruwan zafi biyu, taga a buɗe faɗin yatsa biyu. Ta sayi 'yar ƙaramar hita mai shiga ramin kunna sigari, ta ɗumama mata gwiwa ɗaya kawai. Wani direba ya ce ta goga sabulu a gilashin ta ciki. Ta goga. Ya yi aiki na minti goma, daga nan fitilun motoci suka koma mata kamar an zuba musu madara.

Ranar Juma'a Dogo ya yi abin da kowane mai gyara zai yi. Ya ƙyale korayen, ya jawo sabuwar waya daga batir zuwa fanka, da fis ɗinta da makunninta. Ya tayar da injin, ya kunna. Iska mai ɗumi ta bugi gilashi. Auta ta riga ta fara cewa alhamdulillahi lokacin da injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Ya kashe fanka, injin ya tashi. Ya kunna, ya mutu. Sau huɗu.

Dogo ya fito da kansa daga motar a hankali.

"Auta, yaya kike tayar da motar nan?"

"Kamar kowa. Fanka a biyu, sai makulli."

"Wane kowa?"

"Haka Baba ya ce."

"Ni da nake gwaji na bar ta a biyu tun Talata." Ya mayar da tsohon makunnin sifili, ya murɗa makulli. Injin ya yi ta gurnani bai kama ba. Ya mayar biyu, ya kama nan take. Dogo ya tuntsire da dariya, ya dafa ƙofa, sai kuma dariyar ta tsaya.

Maganin ɓarayi ne, ya ce. An taɓa yunƙurin sace motar a ƙofar gida, shekarun baya. Oga ya ɗaure famfon mai da layin fanka, ta cikin wani rile da ya ɓoye, wato ɗan akwatin da ke buɗe wa wuta hanya, bai fi akwatin ashana ba. Wanda bai san sirrin ba zai murɗa makulli har batir ya mutu. Yanzu ɓangaren rilen da ke ba fanka wuta ya ƙone, ɓangaren famfo na nan da rai. In an ba fankar wuta ta wata hanya, rilen sai ya saki famfo.

"To a canza shi mana."

"Minti goma ne, in na gan shi. Ina yake?"

"Kai za ka sani, Kawu."

"Ni? Na taɓa samun irinsa a motar wani a cikin hon. Wani a cikin ƙofa. Wani a bayan fitila. Oga ba ya ɓoye abu wuri ɗaya sau biyu, kuma ranar da zai yi irin wannan aikin aike yake tura mu."

Auta ta ce a ba famfon ma tasa wayar, a huta. Ya gwada ranar Litinin. Injin ya zauna, fanka na juyawa, minti uku, huɗu. Sai warin ƙonannar roba ya taso daga wani wuri cikin tarin korayen. Dogo ya zabura ya fizge kan batir.

"Minti nawa kike yi kafin ki fito da Oga daga baya?"

"Huɗu. In gadar ba ta cije ba."

"To ba da hannuna ba."

"Kawu, sanyi zai kashe shi."

"Wuta ta fi sanyi sauri." Ya cire wayoyin da ya sa, ya naɗe su. Ya ce yana iya sake wa motar waya daga farko har ƙarshe, amma sai ta kwana sati uku a wurinsa ba ta motsa ba.

Talata tsohon ya fara ɗan tari a hanya. Sista ta saurari ƙirjinsa, ta ce bai sauka ba tukuna, ta dubi Auta ta saman tabarau. Da yamma yayan ya kira.

"An ce min taga a buɗe kike yawo da shi."

"Wa ya ce maka, Yaya?"

"Ba wannan ba ne. Gidan jinyar nan taku ashirin ne zuwa ɗakin wanki. Ba mota, ba sanyi. Me kike so ki nuna wa duniya?"

"A ɗakinsa yake barci. In na kai shi wani wuri ba ya cin abinci, ka sani."

"Na sani. Ki dai gyara motar, ko ki bari."

Shawarar ranar Laraba ta Auta ce. Mutum ɗaya ne ya san inda rilen yake, kuma yana zaune a gida yana kallon bango. Likita ya taɓa ce mata yana fahimtar abubuwa da yawa, fitar da su ne ya gagara. Ta kira Dogo ta ce za ta kawo Baba ya nuna.

"Nan? Auta, wurin nan ba bango. Ruwa ake yi."

"Minti goma. Ya nuna, mu tafi."

Da ƙarfe uku ta iso. Dogo ya kwance dashbod, wanda yanzu kusoshi biyu kawai ke riƙe da shi, suka sauko da keken suka tura shi bakin ƙofar direba.

Tsohon ya ga wayoyinsa. Fuskarsa, ɓarin da ke motsi, ta canza. Ya miƙe zaune fiye da yadda ya yi cikin shekara guda, ya yi wani sauti daga maƙogwaro.

Dogo ya cire hula ya tsuguna. "Oga, barka da zuwa. Ka kashe ni. Kwana biyar ina neman rile ɗaya."

Hannun hagu ya taso a hankali, ya sauka a tsakar kan Dogo da ranƙwashi.

"Ka gani ko, Auta? Hagun ma bai manta ba."

Suka tsara yadda za a yi. Dogo zai ɗaga waya ɗaya bayan ɗaya, in an zo kan wadda ke zuwa rilen, Baba ya gyaɗa kai. Ta ɗaya, ta biyu, ta biyar, yana girgiza kai. A ta goma sha biyu ya gyaɗa da ƙarfi. Dogo ya bi ta da yatsa, ya ɓalle robar gefen gilashi, ya bi ta sama. A fitilar rufi ta ƙare. Suka dawo. A ta goma sha tara ya sake gyaɗawa. Wannan hon ta je. A ta ashirin da uku ya gyaɗa, ya girgiza, ya sake gyaɗawa, sannan ya bugi hannun keken.

"Likita ya ce wani lokaci e da a'a suna cakuɗe masa," Auta ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Yanzu kike faɗa min?"

Iska ta juyo da yayyafin cikin rumfar. Dogo ya tuɓe rigar sanyinsa ya ɗora a kan bargunan. Ya ce a tafi haka. Auta ta ce saura kaɗan. Ta yago takarda daga wani kwali, ta sa wa Baba fensir a hagu, ta riƙe masa katako a cinya.

Ya daɗe yana yi. Layi ɗaya, karkatacce. Na biyu ya haye na farko. Numfashinsa na fita da ƙara. Ya ja layi bakwai, sannan ya zana da'ira a ƙasansu, ya yi ta zagaya ta yana dannawa har bakin fensirin ya karye.

"Da'irar ce rilen, Oga? Ina ne nan? Gaba? Baya? Ƙarƙashin kujera?"

Tsohon ya dube shi. Bakinsa ya buɗe, ya rufe. Ya saki fensirin, ya ɗaga yatsa zuwa gefen kansa, ya ƙwanƙwasa sau biyu. Hannun ya tsaya a can, bai sauko ba sai da Auta ta sauko da shi. A nan ta ga faratansa sun yi toka-toka.

"Saura kaɗan, Baba," ta ce. Karo na uku ke nan da ta faɗi haka.

"Babu saura," in ji Dogo. Ya kama keken ya juya shi da kansa.

Awa ɗaya da minti arba'in suka yi a rumfar. Kafin magariba jikinsa ya yi zafi. Da safe ta kai shi wanki, taga a buɗe faɗin yatsa biyu, yana tari tun daga gida har ƙofar asibiti.

A bencin hawa na uku Sista ta same ta, da fayil a hannu.

"Tagar ce dai?"

"Tagar ce." Auta ta gyara bargunan a cinyarta. "Da gareji. Jiya na kai shi. Awa ɗaya da minti arba'in."

"Gareji? Yin me?"

"Ya nuna mana waya."

Sista ta rubuta a fayil ɗin. Ta ce za a zauna ranar Litinin da ƙarfe goma: likita, da ita, da jami'ar walwala, da yayan, wanda ya riga ya ce zai zo. Akwai gado a gidan jinya, an riƙe masa shi har zuwa ranar. In huhun ya lafa, kuma motar ta zo da hita mai aiki ta gani da idonta, za ta yi magana a mayar da shi gida.

"Magana na ce zan yi. Ban ce za a ji ba."

Dogo ya zo ya ɗauki motar da yammacin Alhamis. Ya sallami sauran masu kawo gyara, ya ce su dawo mako mai zuwa. Ya sayo farin tef da alƙalami, duk wayar da ya bi har ƙarshenta sai ya naɗa mata tef ya rubuta lamba da inda ta je. Karo na farko ke nan da aka rubuta wani abu game da wutar motar. Takardar mai layi bakwai da da'ira ya liƙa ta a sitiyari. Ya buɗe duk abin da ke da siffar da'ira: hon, fitilu, lasifikan rediyo, ramin tayar ko-ta-kwana. Babu.

Zuwa yammacin Asabar ya bi waya talatin da tara. Biyar da suka rage sun haɗu wuri ɗaya, sun bi ta gefen kujerar direba, sun shige ƙarƙashin farantin ƙarfen da shi da kansa ya yi wa walda bara, ba tare da ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya duba abin da ke ciki ba. A jikin farantin ake ɗaure keken. Yanke shi da mayar da shi aikin kwana uku ne, zaman asibiti kuwa jibi Litinin ne, kuma babu tabbas rilen na can.

Auta ta kira daga asibiti da ƙarfe biyar, ta ce zazzaɓin ya sauka kaɗan, amma Baba ya ƙi cin abinci. Ta tambayi nawa suka rage.

"Biyar," in ji Dogo.

Bai gaya mata inda suka bi ba.